Lungun Bayan Tagar Direba

Inna Tela mace ce da ba ta san zama ba, ba Asabar ba Lahadi. Tun tana amarya take taka keken ɗinki a wani ɗan shago a bakin kasuwa. Da shi ta yi rainon 'ya'ya, da shi ta rufa wa gida asiri lokacin da mijinta, tsohon direban babbar mota, ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kallon hanya, sai ga shi kwance, ba ya ganin komai ta taga sai wani siririn lungu tsakanin ɗakinsa da katangar maƙwabta. Ko ciyawa ba ta yarda ta fito a wurin ba.

Abin ya tsaya mata a rai, ta je wurin mai sayar da furanni a gefen titi, don ta samo abin da za ta dasa a lungun.

"Inna, wurin yana samun rana?" ya tambaye ta.

"Sosai ma. Har ƙona ni take yi in ina shanya."

Ba ƙarya ta yi ba. Da sassafe take fita, sai tsakar rana ta dawo ta juya mijin, ta ba shi abinci, ta shanya zanin gado, ta koma shago har magariba. A ɗan lokacin nan na tsakar rana kuwa rana tana tsaye cak a kan lungun.

Mai furanni ya ba ta masu jan fure, masu son rana. Suka yi rawaya, suka zube. Ta sake saye, ta ƙara taki, ta zargi ƙasa, ta zargi mai furanni, har kajin maƙwabta ba su tsira daga bakinta ba. Tsohon yana kallo suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya fara juya fuska bango, ya rage cin abinci. Wannan ne ya tsorata ta.

Ran nan keken ya lalace, dole ta wuni a gida, ta zauna gefen gadonsa tana ɗinkin hannu. Hantsi ya yi, amma sai da ta kunna fitila ta ga kafar allura. Rana ta leƙo lungun, kafin ta gama wanke kwanonsa ta wuce.

"Malam, kullum haka wurin nan yake?"

Ya daɗe yana haɗa magana, don harshen ya yi nauyi. "Kullum."

"Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Da gudu kike shigowa. Da gudu kike fita."

Kunya da tausayi suka rufe ta.

Washegari ta koma wurin mai furanni ta ce wurin inuwa ne. Ya ce masu jure inuwa ba su cika yin fure ba, ganye ne kawai. Ta ɗauko na'ana'a, da citta, da wani mai faɗin ganye kamar gwaza. Ba ta dasa ba. Ta shigo da su ɗaki, ta jera a kan kujera inda zai gani.

"Kai ka san wurin nan, Malam. Zaɓa."

Ya yi ta kallonsu. Hannun nan mai lafiya ya daɗe bai tashi ba. Ta gyara zama, tana jiransa.