Waƙar Niƙa a Bakin Inna

Ana tsakar kakar masara hawan jini ya kayar da Inna a bakin rumbu. Kwananmu tara a asibiti a Malumfashi, muka dawo da ita Dayi hannun dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Tana gane kowa, tana jin duk abin da aka ce, amma in ta buɗe baki "to, to" kaɗai ke fitowa. In ta yi nuni ban gane ba, sai ta juya fuska bango.

Ni ce babbar 'yarta, don haka na baro gidana na tare a ɗakinta. Ba ma fashin magani, haka ma motsa hannun da ma'aikaciyar jinya ta koya mini.

Wata ranar kasuwa ƙawarta ta ƙuruciya ta zo dubiya, wata Bamagujiya daga ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Ba ta tsawaita jaje ba. Ta jawo kwandon gyaɗa, tana ɓara tana rera waƙar niƙan da suke yi suna 'yan mata, wadda ake zolayar dutse wai ya fi mai niƙa cin dawa. Ina wanke-wanke a tsakar gida na ji murya ta biyu ta karɓi amshi. Na leƙa da kumfa a hannu. Inna ce, kalmomi cikakku suna fita daga bakinta, ko ɗaya ba ta ci ba.

Da waƙar ta ƙare na ce, "Inna, faɗi sunana." Ta yi ta ƙoƙari, bai fito ba.

Tsohuwar ta ce, "'Yar nan, daina tambayarta. Rera mata."

Na bi shawarar. Duk abin da Inna ke bukata na ɗora shi a kan karin waƙar nan: ruwa, buta, kunu, sunayen jikokinta. In rera, ta amsa, muna buga cinya da hannun hagu. Da farko kunya nake ji, mace da 'ya'ya biyar tana waƙar buta. Daga baya har kishi nake in ƙanwata ta riga ni ƙirƙiro sabon baiti. Da muka koma asibiti na gaya wa likita, ya ce mu ci gaba, kada dai mu bar magani.

Kafin damina ta faɗi Inna ta fara haɗa magana ba tare da waƙa ba, a hankali, tana jan ƙarshen kalma. Hannun bai dawo daidai ba har yau. Amma ita ke tsara abin da za a girka a gidan, kuma ranar da na zuba kanwa da yawa a miyar kuka, ta kira ni ta faɗa mini sarai, a gaban baƙi.