Ruwan da Ya Zo Babu Hadari

In ana maganar ruwa, kowa ya ja baya ya ba ni wuri. A bakin kogin Haɗeja aka haife ni, kakana sarkin ruwa ne, kuma in na dubi kogi sau ɗaya zan faɗa maka ranar da zai cika, da ranar da zai janye, da abin da kifin cikinsa ya karya kumallo da shi. Shi ya sa lokacin da kuɗin fetur suka ɓarke, gwamnati ta shiga rabon kwas kamar goron ɗaurin aure, aka turo ni Landan koyon aikin ruwan famfo, na ce malami aka turo wa ɗalibai.

Landan ɗin da na samu kuwa ɗaki ɗaya ce a Tottenham, tagarta na kallon bangon maƙwabci. Daga ɗaki sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan sai aji, daga aji sai ɗaki. Mu biyu ne 'yan haya, ni da wani mutumin Jos mai karatun akanta. Mai gidan wani tsohon Bature ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ba shi da mata, ba shi da 'ya'ya, sai tsuntsaye. Ina ce masa Baba, shi kuma da ya gaji da jin tarihin kakana sai ya laƙaba mini Sarkin Ruwa.

Na baro matata da ciki a gidan yayana a Kano. Wata Litinin cikin kaka aka kawo tangarahu: an haifi mace, Yaya zai kira ni ranar Asabar ƙarfe huɗu in faɗi suna, Lahadi a raɗa. A wancan zamanin samun layin tarho daga gida sai an yi kwanaki ana bin layi, a ba ka minti uku, kuma a ofishin wani abokinsa zai ari tarhon. Na kuma san Yaya. Shekara da shekaru yana neman inda zai manna sunan gwaggonmu, matar da in ta yi tari a ƙofar gida kaji ke shiga akurki da rana tsaka. In ban ɗaga tarhon nan ba, shi ke nan, an yi wa gwaggo takwara a gidana.

Daren Juma'a Baba ya ga ina kai da komowa a zaure, ina shafa tarhon kamar mara lafiya. Ya ce, "Sarkin Ruwa, za ka cinye mini kafet. Gobe da asuba zo mu je bakin teku ka ga tsuntsayen da ke tafiya ƙasarku. Ƙarfe ɗaya muna gida."

Muka tafi a tsohuwar motarsa, tafiyar kusan awa biyu. Tsibiri ne a inda kogi ke shiga teku, wata siririyar hanyar duwatsu ta ratsa taɓo ta kai ka can. Da muka haye, Baba ya fito da wani ɗan littafi mai lambobin lokutan cikar teku da janyewarta, ya duba agogo.

"Sha ɗaya saura kwata mu kasance cikin mota. Ruwa zai rufe hanyar."

Na ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare ɗaya babu. Na dubi inda ya kira ruwa, taɓo ne shimfiɗe har ƙarshen gani, tekun ma tana can nesa kamar zaren azurfa. Na yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, ruwa ba ya zuwa sai da hadari. A garinmu wata biyu kogi ke yi yana sallama kafin ya shigo gona. Littafi ne zai gaya wa jikan sarkin ruwa?"

"Sha ɗaya saura kwata," ya sake cewa.

Gaskiya tsuntsayen sun ruɗa ni. Wasu baƙaƙen dinya sun sauka garke-garke suna gunaguni kamar tsofaffi a wajen rabon gado, Baba ya ce daga ƙasar ƙanƙara suka iso, nan za su ci sanyi. Ƙananan masu dogon baki kuwa suna tashi tare su juya tare, yanzu fari, yanzu baƙi. Ga tsattsewa jere a kan waya, ya ce su ne masu haramar Afirka. Wata takwas rabona da in ga sararin da ba bango a ƙarshensa. Na karɓi madubin hangen nesansa, na ce bari in nuna masa yadda muke kiran dinya da fito. Na bi gaɓa ina fito, dinya suna matsawa, ina bi, suna matsawa. Ina jin Baba yana ƙwala kira daga nesa, ina ɗaga masa hannu alamar ya kwantar da hankalinsa.

Da na dawo, babu hanya. Ba ruri, ba igiya, ruwa ne kawai ya lallaɓo kamar ɓarawon da ya san gidan, ya kwanta a kan duwatsun. Kawunan sandunan gefen hanya kaɗai ke leƙowa.

"Yaushe zai janye?"

Ya miƙo mini littafin da na yi wa dariya. "Wajen shida."

Na naɗe wando na shiga. Taku uku, sanyi ya soke ni har cikin haƙora, taɓo ya karɓe takalmina na dama, har yau bai dawo da shi ba. Baba ya kamo ni ta kwalar kwat ya jawo ni waje kamar tarwaɗa.

Na zaga tsibirin nan sau uku da takalmi ɗaya. Gida guda ne a kansa, a kulle, babu tarho, babu kwalekwale, sai tumakin da ke kallona kamar sun ji abin da na faɗa da safe. Na yi alwala da ruwan gishiri na yi azahar, na roƙi Allah ya janye teku, na kuma ji kunyar roƙon. Daga nan muka shiga wata rumfar katako mai siririyar taga da masu kallon tsuntsu ke ɓuya a ciki. Ta fi ɗakina na Tottenham ƙanƙanta, ga shi na biyo mutum tafiyar awa biyu don in shiga cikinta.

Baba ya zuba mini shayi daga filas. Don ya ɗauke mini hankali ya nuna mini wasu ƙananan zobba, ya ce shekara ashirin shi da abokansa suna saka wa tsuntsaye a ƙafa don su san inda suke zuwa, amma kaɗan ne ake jin labarinsu.

Na ce, "Af, ashe naku ne! Muna yara in tarko ya kama mai zobe, zoben a rataya wa jariri a wuya, naman kuma a yi farfesu."

Ya mayar da zobbansa aljihu. Bai ƙara zuba mini shayi ba.

Ƙarfe huɗu ta same ni manne da tagar nan. Ina ganin allurar agogo, ina jin ƙarar tarhon a zauren Tottenham kamar a cikin kunnena yake. Sunan da na zaɓa, na mahaifiyata, yana bakina, na faɗe shi a fili sau biyu, ba mai ji sai tumaki. Daidai nan tsattsewar suka bar wayarsu, suka miƙa kudu ta saman ruwan, ba fasfo, ba tikiti. Abin da bai kai tafin hannuna ba zai riga ni ganin ƙasar da 'yata take. Ban iya yin wasa da wannan ba. Baba ya dafa kafaɗata.

Da shida ta gota duwatsu suka fito ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda littafin ya ce. Muka iso gida ƙafata guda naɗe da tsumman goge mota. Mutumin Jos yana zaune a matakala yana jiranmu, fuskarsa ta kumbura da dariyar da yake dannewa.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa, an kira. Ni na ɗaga. Mai jego lafiya, jaririya lafiya."

"Suna fa? Ka ce su jira?"

"Na ce ruwa ne ya tsare ka a tsibiri. Na ce abin mamaki ne, mutumin da ya san ruwa kamar kai."

"Sai ya ce me?"

Ya gyara murya, ya kwaikwayi Yaya tsaf.

"Wane ruwa ya sani? Har ya shekara goma a bayan gwaggo yake haye rafi, yana kuka. Ka gaya masa ladan goyonta ne za mu biya gobe."