Inuwar Tsamiya a Tsakiyar Fili

A kakar wasan da nake ba da labari shekaruna talatin da huɗu, gwiwata ta hagu kuwa ta kai sittin. Ni ne gola, ni ne kyaftin na ƙungiyar ƙauyenmu da ke gefen Ruma. Gasarmu ƙarama ce, ta ƙauyukan Batsari da Safana, kuma ƙungiyoyi biyu na ƙarshen teburi faɗuwa suke yi. Faɗuwa a wajenmu mutuwa ce, domin rukunin ƙasa suna ne kawai, an daɗe rabon da a buga shi.

Tun farkon kakar muke jan ƙafa. Ruwa ya sauka, rabin 'yan wasa suka tafi shuka. Ɗan bayanmu mafi ƙarfi ya kwashe iyalinsa ya koma Katsina bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyen surukansa, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar wasan waje mu uku-uku ne a kan babur, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa, mu isa ƙafafu sun yi tsami tun ba a hura usur ba. Kocinmu malamin Islamiyya ne, dabararsa ɗaya tak: "Ku ba ɗan Fulani ƙwallo." Ɗan Fulanin shi ne ɗan gabanmu, dogon saurayi mai dawowa daga kiwo ya ajiye sanda ya sa jesi. An gaya masa masu neman 'yan wasa daga birni kan zo kallon gasar. Ni dai duk shekarun nan ban taɓa ganin ƙeyarsu ba, amma ya yarda, ni kuma ban iya kashe masa gwiwa.

Akwai wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba. Wasa sai bayan la'asar, hanya kuma ba a bin ta da magariba. Saboda haka kyaftin ɗin masu masauki ke lura da rana. Idan ya ga lokacin tafiyar baƙi ya yi, sai ya ɗaga hannu, alƙalin wasa ya tashi wasa ko minti nawa ya rage, abin da aka ci kuma shi ne sakamako. A filinmu agogon wata tsamiya ce a bayan ragar yamma. Inuwarta na taɓa da'irar tsakiya, baƙi sai tafiya.

A zagayen farko muka je wa wata ƙungiya a ɓangaren Runka. Suna cinmu ɗaya, an dawo hutu da kaɗan, kyaftin ɗinsu ya ɗaga hannu. Rana tana nan tsaye, ko akuya ba ta fara tunanin gida ba. Na je na same shi raina a ɓace.

"Haba ɗan'uwa, wannan wace irin magariba ce?"

"Don lafiyarku ne, Kyaftin," in ji shi, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Na haɗiye, amma ban manta ba. Duk hanyar gida ina faɗa a zuci cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.

Haka kakar ta yi ta ja. Mu yi canjaras, a ci mu, mu ci ɗaya kamar da kuskure. Na gaji da ɗinkin raga, na gaji da bin gida-gida ina roƙon ƙarti su bar maimai na yini ɗaya, na gaji da man zafin da matata ke cewa ya kori sauro daga ɗakin har da ita. Wasan ƙarshe ya zo, kuma sai ga shi da mutanen Runkan nan ne, a filinmu. Su sun tsira tuni. Mu dole mu ci, canjaras ba ta amfana mana komai.

Sun iso a makare, sun tsaya jiran ayari don kada su ratso gefen daji su kaɗai. Aka fara wasa rana ta riga ta karkata. Suka ci, ɗan Fulani ya rama da ka, aka tafi hutu ɗaya da ɗaya. Da aka dawo, ni ne a ragar yamma, tsamiya a bayana. Inuwar ta fara wuce ni, ina kallonta tana rarrafe zuwa tsakiya, ga mu mun danne su a rabin filinsu, 'yan bayansu sai haki suke kamar jakin da ya hau tudu da taiki. Sau biyu ƙwallo na dukan ƙarfen ragarsu. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san cin na tafe, minti goma kawai muke bukata.

Inuwar ta taɓa da'ira.

Ba ni kaɗai na gani ba. Filin ya yi wani iri, 'yan kallonmu suka ɗauke kai kamar ba su san da wata tsamiya a garin ba. Kyaftin ɗin Runka ya waiwayo ya dube ni, ya san ba shi da bakin magana. Na dubi Malam a bakin layi, sai ya duƙar da kai yana jan carbi. Ya bar ni da kayana.

Muka samu bugun kwana. Ɗan Fulani ya rugo har rabin fili yana ihu.

"Yaya, don Allah! Wannan kaɗai! Su mi suka yi muna?"

Gaskiya ya faɗa. Na bari aka buga kwanar, ba zan ɓoye ba, golansu ya cafke. Daga nan na dubi baburansu a jere ƙarƙashin dalbejiya. Na san hanyar nan, na san kwarin da babur ke rage gudu, na san yadda bakin mutum ke bushewa a wurin in duhu ya fara. Na ji haushinsu, na ji haushin kaina, na ɗaga hannu.

Alƙalin wasa ya hura. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da ya fi mini sauƙi. Baƙi suka haye babura ba ko musabaha. Ɗan Fulani ya cire jesi ya ninke ta, ya ajiye a gabana, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Ina alwalar magariba waya ta yi ƙara. Kyaftin ɗin Runka ne.

"Mun iso lafiya, Kyaftin. Duka." Sannan ya ce, "Waccan ranar, ka yafe mini."

Na ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ban ji daɗi ba, ban kuma yi nadama ba, gajiya kawai na ji.

Da damina ta zagayo, mai filin ya shuka gero a ciki. Nakan haɗu da ɗan Fulani yana koro shanu ta gefen gonar, ya rusuna ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gwiwa da iyali. Har yau bai sake ce mini Yaya ba.