Kwaɗin Rijiyar Dugabau

Laraba: Gwarzo zuwa Kabo

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na bar gida, saboda Yaya Hajara ta aiko daga Dugabau cewa 'yarta Talatu, mai shekara biyu, kwana uku ke nan tana amai. Na sami akori-kura ɗauke da takin zamani da irin gyaɗa, sule biyu zuwa Kabo. Direba ya rantse bakwai a can za ta yi mana. Sau biyu muna kafewa a taɓo, 'yan doka kuma suka tsare mu suna duba kaya. Tara da kwata muka sauka. Na sayi ƙosan kwabo, na kasa ci.

Kabo zuwa Dugabau

A ƙasa na bi wasu mata masu tallan nono, awa biyu cur. Ina shiga gidan Yaya aka miƙo mini ruwan baƙunta. Ƙishirwa ta sa na shanye ƙwaryar kafin na ji wani wari kamar na kananzir. Yaya ta ce tun ruwan shuka haka rijiyar take, kowa sha yake, da shi ma ake dama wa Talatu koko.

Na nufi rijiyar. Bakinta daidai yake da ƙasa, ko gini babu. A nan ake cuɗa iri da hodar maganin ƙwari, a nan ake ɗauraye gwangwanayen. Ga buhunan taki ruwa ya jiƙa, can sama ga turken shanu, kuma duk gangaren rijiya ya nufa. Na leƙa, sai ga kwaɗi birjik, ciki a sama.

Baba Sale, surukin Yaya, ya iso yana murmushi. "Kin gani ko, Malama? Shekara da shekaru muna fama da kwaɗin nan, bana Allah ya raba mu. Rijiya ta yi tsabta."

"Baba, abin da ya kashe su shi Talatu take sha."

Ya ce ƙasa tana tace komai, rijiyar kuma kakansa ne ya haƙa ta. Na kawo abin da aka koya mana a makaranta, ya tambaye ni ko Baturiyar da ta koya mini ta taɓa riƙe guga. Ina shirin amsawa cikina ya murɗa. Na durƙusa a gabansa ina kelaya amai, jikina na ɓari. Ya daina murmushi.

Da la'asar jakinsa ya kai ni da Talatu ɗakin shan magani a Kabo, Yaya na biye. Muka kwana biyu gidan Gwaggonmu a nan Kabo, ita ce ta yi ta yi mana fifita.

Juma'a: komawa

Talatu ta fara karɓar nono. Baba Sale ya zo da hantsi, ya ce ya rufe rijiyar da ƙaya, za a yashe ta a ɗaga mata baki, cuɗa iri kuma sai can gona. Amma fa yana da tambaya: in an yashe, kwaɗin za su dawo?

Na ce, "Baba, sai kun ga sun dawo za ku sha."

Ya tafi yana ƙunƙuni.

Ƙarfe huɗu na iso Gwarzo. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo da matan nonon da ban ko tambayi sunansu ba. Inna ta tare ni da ruwa a moɗa, tana ta mamakin abin da nake shinshinawa.