Badaru Mai Awon Ƙasashe

Yayana Badaru bai taɓa taka ƙasar kowa ba. A Jidda aka haife shi, a Jidda ya yi furfura, amma ka zauna kusa da shi kaɗan, sai ya kai ka Jamus ya dawo da kai ta Ostireliya. Ni ce Tahani, ƙanwarsa, kuma ni na fi kowa shan wannan surutu, don tun rasuwar matarsa a gidanmu na unguwar Waziriyya yake zaune.

Motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito a Khumra. Da ya dawo, ko takalmi bai cire ba, waya na hannu. "Tahani, kin san abin da mai shara ke samu a awa guda a Ostireliya? Ya fi yinina!" Gobe kuma Jamus ce, wai can in ka kwanta ciwo albashinka na tafiya. Jibi Norwe, wai tsoho na zaune gwamnati na riƙe da shi. Ya auna haya, ya auna haraji, ya sauke wata ƙasa ya ɗora wata. Yana magana yana zagaye ɗaki kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

"Yaya, halas, ya isa! Shinkafa ta huce."

"Ke ba ki gane ba. Nan ma akwai mafi ƙarancin albashi, amma don 'yan ƙasa aka yi shi. Mu fa?"

Mu kam iƙama ce, takardar izinin zaman baƙi. Kakanmu ya zo hajji daga Damagaram bai koma ba, ya bar mana fasfon Nijar, ƙasar da ba mu taɓa gani ba. Ni tawa iƙamar tana kan mijina. Ta Badaru kuwa rataye take da aikinsa: ranar da kafili, wato kamfanin da ya tsaya masa, ya sallame shi, zamansa a garin da aka yanke masa cibiya ya ƙare.

Ni na fara lura. Yana zuba shayi a gefen kofi, yana kai waya har bakin hanci. Yanar ido ce ta rufe masa idon dama. Na ce yalla, asibiti, ga katin ta'amin da kamfani ya ba shi na magani. Ya ce atafau.

"In na yi amfani da katin nan kamfani zai ji. Direba mai ido ɗaya, wa zai sabunta masa iƙama?"

Wallahi na yi faɗa har maƙogwarona ya bushe. Mutumin da ya san hutun jinya na ƙasashen duniya, shi ne ya kasa neman na yini guda! Sai ya koma ɗiga zamzam yana zizara kwalli, da ɗaya idon kuma yana karanta mini fanshon Kanada. Abin ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tsoro.

Wata safiya ya soka ƙarfen motar a ƙafar wata kanta, katan-katan na man girki suka zubo tun daga sama. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Usuman, shugabansu a siton, Bahaushen Sudan ne, shi ya kawo shi gida, wando jiƙe da mai.

"Haba ya Badaru," in ji Usuman, "me ya hana ka faɗa? Ta'amin na biyan aikin yana. Bara aka yi wa mai gadinmu, ga shi can bakin ƙofa yana aikinsa."

Kamfani kuwa ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba: ya nemi wani kafilin kafin iƙama ta mutu, ko ya bar ƙasar.

Yanzu kullum yana hanya. Daga wannan sito zuwa wancan, daga Khumra zuwa tashar jiragen ruwa, ko'ina a dube shi, a dubi idon, a ce inshallah za a kira. Ba a kira ba.

Jiya bayan la'asar ya shigo ina tsinke ganyen mulukiya, wato lalo. Ya tsaya a kaina, ya zauna, ya sake miƙewa.

"Tahani, a Damagaram wa ya rage mana?"

Na buɗe baki in ba shi amsa. Ko suna ɗaya ba ni da shi.