Randar Inna da Tonon Juji

Duk wanda ya gan ni jiya a kan jujin bayan gidanmu a Bakura, sanye da farar shadda ina tona shara da kara, wallahi lafiyata ƙalau.

Randar Inna, kakata, na fasa garin juya babur a tsakar gida. Kafin ta dawo daga gidan suna na kwashe tsingaron na zubar, na garzaya Mafara na sayo mata ƙatuwar robar ruwa mai murfi.

Ta kalli robar sama da ƙasa, ta ce, "Ina tsingaron?"

Na ce, "Na zubar, Inna. Ai ta riga ta fashe."

Ta ce, "Kai ka fara fasa ta? Ubanka ya fasa, akuya ma ta fasa. Kullum maginiya nake kai wa, ta daka tsingaron, ta kwaɓa da sabon yumɓu ta gina wata. Randag ga ta uwata ce. Wagga robar taka, in ta tsage, uban wa zai daka ta?"

Haka na koma juji na cika kwano biyu da tsingaro, maƙwabta suna min sannu da aiki. Maginiya ta duba ta ce rabi kaskon wainar wani gida ne, amma ba komai, randa ta yi sababbin dangi.

Robata kuwa, dusar awaki ce a ciki yanzu.

Ku a gidanku, wane abu ne ake fasawa ya ƙi mutuwa?