Injin da Na Bari a Kunne

Ni ne na kawo maganar habbanaye, aron saniya irin na Fulani, a cikin lamarin, ba wani ba. Da na yi shiru a ranar, ƙila da abin bai tsaya mini a rai har yau ba.

Mu uku ne a kamfanin, in ma za a kira ɗaki guda mai fanka ɗaya a bayan kasuwar Dakoro kamfani. Akwai Alhajin da ya zuba jari, yana zaune a Maraɗi, sai ni mai shugabanci da yawan surutu, sai abokina injiniya, Bafillacen wajen Rumbu, wanda shi ne ainihin mai aikin. Abin da muke yi shi ne aika wa makiyaya farashin dabbobi ta saƙon murya a wayarsu, da Hausa da Fulatanci da Buzanci, don kada dillali ya yi musu wayo. Manhajar ba a biro ɗinmu, wato ofis, take zaune ba. Tana kan wasu injuna da muke haya a wata ƙasa, waɗanda ake ce wa kilawud. Ba mu taɓa ganinsu da ido ba, amma duk awar da suka yi a kunne sai an caje mu.

Ba mu da ƙarfin biyan injiniya irin abokina. Sai muka ce ya karɓi rabin albashi, in ya cika shekara uku a ba shi kaso a cikin kamfanin. Ya ce sai mahaifinsa ya yarda. Na hau moto, wato babur, muka tafi har ruga. Tsohon ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Ɗana, ban gane ba. Mutum shi yi aiki, a ce lada tai na cikin takarda?"

Nan bakina ya kai ni. Na ce, "Baba, kamar habbanaye ce. An ba shi saniya shi yi kiwo, ɗiyan da ta haihwa nashi ne."

Tsohon ya gyara zama. Ya ce, "In habbanaye ce, na yarda. Wannan ba a cin amana cikinta."

Na koma gida ina jin kaina, wai na iya magana.

Abokin nan nawa ya yi kiwon kuwa. In saƙo ya maƙale, shi ne zai zauna ya bi layi-layi har ya gano inda cutar take. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ya jona batir. Rezo, wato sabis na waya, ya gudu, ya ɗauki ordinatarsa, kwamfutar tafi-da-gidanka, ya bi shi har gindin antena. Ni aikina guda ne a ɓangaren injuna: sa ido kan abin da hayarsu take ci. Akwai saƙon gargaɗi da yake shigo mini in cajin ya haura. To saƙonnin nan sun ishe ni, kullum ƙiriri kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai na toshe su. Ban gaya wa kowa ba.

Ana saura wata huɗu ya cika shekara ukunsa, gab da Layya, ya tafi kasuwar Ajekoriya ɗauko farashin raguna, ya bar ordinatarsa a buɗe kan tebur. Ni kuma na daɗe ina son gwada wani babban inji mai mayar da rubutu murya, don in nuna wa Alhaji ni ma ba baya ba ne. Tawa ordinatar ba caji, sai na ja tasa. Na kunna injin, irin mai tsadar nan, na yi ta fama bai yi abin da nake so ba. Aka kira la'asar. Na tashi da niyyar in dawo in kashe, daga masallaci wani ya ja ni gaisuwar rasuwa, shi ke nan. Injin ya yi sati uku yana ci, gargaɗin yana ta buga ƙofar da na rufe.

Da faktir, takardar cajin hayar, ta zo, Alhaji bai yi waya ba. Mota ya shigo tun daga Maraɗi. Abin da aka caje mu ya cinye duk ribar da muka ci burin samu a Layyar. Abokina ya zauna nan take ya bi sawu, bai yi rabin awa ba ya gano injin ya kashe shi. Alhaji ya ce, "Wa ya kunna?" Abokina ya juya masa allon. Sunan abokin nawa ne a jiki, tunda da ordinatarsa aka kunna, da rana, da awa.

Na ga lokacin da idon abokina ya tsaya a kan ranar. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na sa ido a kan fanka, kamar yau na fara ganinta.

Alhaji ya yi ta faɗa. Ya ce a cikin kwantara, wato yarjejeniyarmu, an rubuta, wanda ya jawo babbar asara da sakaci kasonsa ya faɗi. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai mi ka gani?" Wallahi maganar tana bakina. Amma na tuna nawa kason, na tuna in Alhaji ya ji na toshe gargaɗi kujerata ta tafi, na tuna ginin da na fara bai kai linta ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, kuskure ne." Ban yi ƙarya ba, ka gani. Irin wayon da nake da shi ke nan, kuma shi ne abin da na fi tsana a jikina.

Ƙarshen watan abokina ya ajiye makullin biro. Kafin ya tafi sai da ya rubuta mini yadda ake gyara kowace matsala, shafi-shafi, har da inda zan buɗe gargaɗin da na toshe. Wannan layin bai ja masa zane a ƙasa ba, bai sa masa alama ba. Yana tsakiyar sauran kamar kowane.

Kamfanin bai mutu ba. Ya ma ɗan yi ƙiba, abin da ya ƙara mini nauyi. Shekara ta zagayo kafin na iya hawa moto na nufi Rumbu, da takarda a aljihu wadda a ciki na yanka masa kaso daga nawa. Na same shi a gindin adduwa yana gyara wa wata tsohuwa waya. Mahaifinsa ya tarbe ni da ƙwaryar nono, yana ta sa mini albarka. Nan na gane bai gaya wa tsohon komai ba.

Da muka keɓe da abokina na fara kame-kame, ya tare ni da sunan da yake kirana a biro.

"Shef, na sani. Ranar ina Ajekoriya."

"To don mi ba ka hwaɗa ba?"

"Kai ka zo har gidanmu ka ba ni habbanaye. In tona ka gaban baƙo?"

Na ciro takardar na miƙa masa. Ya karanta ta tsaf, har ƙasa, kamar yadda yake karanta komai, ya ninke ya mayar mini.

Ya ce, "Wurinmu in saniyar habbanaye ta mutu, ba a biya. Amma mai ita shina zuwa shi zauna da kai, shi ce maka sannu. Sati guda na yi Dakoro bayan na aje makulli, ban tahi ba. Kai nike jira."

Na san da zamansa a satin nan. Ɗakinsa yana kan hanyata ta zuwa biro, kuma duk kwana bakwai ɗin ta bayan tasha na riƙa zagayawa.